Budesonaid yana zubewa daga ƙwayoyin nano tun a ruwan tumbi, ina gyaran yake?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum malamai. Ina digiri na biyu a harhaɗa magunguna, aikina a kan ƙwayoyin nano ne masu kai maganin sitiroid budesonaid babban hanji, don ciwon kumburin hanji mai gyambo. Ga haɗina: PLGA 50:50 (folima, wato sinadari mai kama da roba, mai narkewa a jiki a hankali) miligiram 100, Eudragit S100 (folimar da ake yi wa magani riga da ita don ya tsallake asid ɗin tumbi) miligiram 50, budesonaid miligiram 10, duka a cikin mililita 5 na DCM (ruwan sinadarin da ke narkar da folima) da ɗan itanol. Ina zubawa cikin mililita 20 na ruwan PVA (mai hana ɗigon haɗewa da juna) kashi 1 cikin ɗari, in buga da na'urar sonikeshan minti 3, in bar shi yana juyawa har DCM ya tashi. Daga nan in wanke sau biyu da PBS (ruwan gishiri mai fosfet), in busar a na'urar busarwa da sanyi.

Abu uku ne suka tsaya mini. Kafin busarwa girman yana kusan nanomita 220, bayan busarwa ya haura 600, kuma ba ya warwatsuwa a ruwa. Sannan a gwajin sakin magani fiye da rabi yana fita cikin awa 2 a pH 1.2, wato tsamin ruwan tumbi, alhali Eudragit S100 bai kamata ya narke ba sai an kai pH 7. Na uku, mai duba aikina yana so mu shiga gwajin ɓeraye da DSS (sinadarin da ake zuba musu a ruwan sha don ya jawo kumburin hanji) wata mai zuwa, ni kuwa hankalina bai kwanta da wannan haɗin ba. Don Allah wanda ya san aikin ya nuna mini inda nake kuskure.

Malamin Folima

Wa'alaikumus salam. Malama, fara da PBS ɗin nan. PBS na yau da kullum pH 7.4 ne, Eudragit S100 kuwa a sama da pH 7 yake narkewa. Ke nan duk wankin da kika yi, kina wanke rigar da kike so ta kare maganin ne. Abin da kike kaiwa gwaji kusan PLGA ne tsirara, mai ramuka a inda Eudragit ya fita. Ki wanke da tataccen ruwa da kika sauko da shi zuwa pH 4 ko 5 da ɗigon HCl, ruwan PVA ma ki auna shi ki tabbatar yana ƙasa da 6, kuma in za ki auna girma a na'urar DLS kada ki tsarma da PBS.

Amma ko kin gyara wannan, kada ki sa rai zubar za ta tsaya cak. Kin narkar da folima biyu da magani a kwalba ɗaya, abin da ya fito cakuɗe ne, ba ƙwaya mai riga ba. Maganin yana ko'ina, har da bakin fata. Yi wannan lissafin da kanki: ƙwaya mai faɗin nanomita 200, in kika ɗauki nanomita 10 kacal na wajenta, wannan siririn ɓawon ya cinye kashi 27 cikin ɗari na jikinta duka. Duk maganin da ke wurin ba ya jiran folima ta narke, ruwa na taɓa shi zai fito. Ƙanƙantar da muke nema don ƙwayar ta manne a gyambo ita ce dai ke sa ta kasa riƙe magani, kuma babu dabarar juyawa da za ta soke wannan.

Akwai kuma yiwuwar wani kaso na maganin bai shiga ƙwayar ba sam. Budesonaid ba ya son ruwa, idan ya yi wa folima yawa sai ya fito ya daskare gefe kamar garin gishiri, santirifuj, na'urar da ke juya samfuri da sauri, ya kwantar da shi tare da ƙwayoyin, ke kuma ki lissafa shi a matsayin wanda ya shiga. Kafin babban juyi, ki yi ƙarami a 1,000 g na minti 5 ki zubar da abin da ya kwanta, ki ɗiga digo a gilashi ki duba a madubin ƙara girma. Ki haɗa wani kashi da miligiram 5 maimakon 10. In zubar farko ta ragu sosai, kin gano mai laifi. A na'urar auna yawan magani ta HPLC kuma kada ki firgita in kin ga tsauni biyu a manne a zanen sakamako, budesonaid siffa biyu gare shi, 22R da 22S, ki tara su tare.

Zafi ma yana da hannu. DCM yana tafasa a kusan digiri 40, wato zafin ɗakin gwaji a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu idan babu na'urar sanyaya ɗaki. Ga kuma zafin da sandar sonikeshan ke ƙarawa. DCM zai tashi kafin ɗigon su gama ƙanƙancewa, ki samu girma barkatai da fata mai huji. Ki sa kwalbar cikin ƙanƙara, ki buga daƙiƙa 10 ki huta 10. Na fi son ki koma itail asitet ko asiton in haɗin ya yarda, domin ƙa'idar ICH, ƙungiyar daidaita ƙa'idojin magunguna ta duniya, ta yarda da ragowar DCM ppm (kashi cikin miliyan) 600 ne kawai a magani, itail asitet kuwa har 5,000. PLGA ɗin kansa yana fara laushi tsakanin digiri 45 zuwa 50 yana busasshe, in ya sha ruwa ko akwai ragowar DCM a jikinsa ya sauko ƙasa da haka. Garin da aka bari a kan tebur da rana zai manne da juna.

Batun dunƙulewa bayan busarwa, ban ga kin ambaci sukari ba. Ki zuba tirehalos ko sukuros kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kafin daskararwa. Ban ba ki shawarar manitol shi kaɗai ba, yana daskarewa gefe ya bar ƙwayoyin suna matse juna. Ki daskarar da sauri a digiri 80 ƙasa da sifili, kaurin ruwan a kwalba kada ya wuce santimita 1. Juyin santirifuj kuma 12,000 zuwa 15,000 g na minti 20 zuwa 30 a digiri 4 ya isa, in kika wuce haka dunƙulen ya riga ya haɗe tun kafin busarwa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar busarwa har garin ya narke ya yi danƙo, ki zubar kawai, sake kunna na'ura ba ya dawo da shi.

Ta Ɗakin Dabbobi

Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni damuwata tana gaba. Ko kin yi nasarar rufe maganin ruf har pH 7, ɓeran naki ba zai kai pH 7 ba. A 2008 McConnell da Basit da Murdan na Makarantar Harhaɗa Magunguna ta Landan sun auna cikin ɓeraye: tumbin ƙaramin nau'in ɓera (mouse) pH 3 zuwa 4 ne, ba 1.2 ba, hanjinsa kuma matsakaicin awonsa bai kai 5.2 ba. Na babban nau'in ɓera (rat) bai kai 6.6 ba. Don haka Eudragit S100 da ya yi aiki yadda kike so yana iya fita cikin kashi bai buɗe ba, ki rubuta cewa haɗin bai yi ba. Wanda ya yi yoyo kuma ya nuna sauƙi a ɓera, ki rubuta cewa ya yi. Duka biyun ba gaskiya ba ne game da mutum.

Shawarata ki raba tambayar gida biyu. Tambayar ko ƙwayar tana manne wa wurin da ya kumbura tana kuma rage kumburin, ki amsa ta da ɗure ta dubura. Mikrolita 100 ta siririn bututu mai laushi, ki shigar santimita 3 zuwa 4 bayan an ɗan sa ɓeran barci, ki riƙe shi kai ƙasa kamar minti ɗaya. DSS dama ƙarshen hanji ya fi ci, nan kike kai maganin kai tsaye. Tambayar ko rigar tana jure tumbi kuwa, ki amsa ta a kwalba da pH irin na mutum. In dole sai ta baki, ki yi wa ɓeran haɗinsa da Eudragit L100-55 mai buɗewa a pH 5.5, ko da yake shi ma ya ɗan haura 5.2 ɗin, ki faɗi dalili a rubutunki. Ɗuren baki kada ya wuce mililita 10 a kowane kilo, wato 0.2 ga ɓera mai giram 20.

DSS ɗin kansa yana da sharuɗɗa. Ki sayi mai nauyin kilodalton 36 zuwa 50, wanda ya fi haka ko ya gaza ba ya ba da ciwo iri ɗaya. Ga ɓerayen C57BL/6 kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a ruwan sha na kwana 5 zuwa 7 ne aka saba. Fararen ɓerayen Swiss da aka fi samu a wurarenmu ba jininsu ɗaya ba, wani zai kwanta wani ko a jikinsa, don haka sai kin yi ƙaramin gwaji da kashi 2, 3 da 4 kafin ki taɓa haɗinki. Kowace sabuwar kwalbar DSS ma sai an sake gwada ta. Ki canza ruwan duk kwana biyu, ki auna abin da suka sha kullum. Wannan awon ba ƙawa ba ne: a ɗaki mai zafi ɓera ya fi shan ruwa, ke nan ya fi shan DSS, kejin da ke kusa da taga zai fi na lungu ciwo. Ɗakin ya zauna tsakanin digiri 20 zuwa 24. Ɓeran da ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa a cire shi daga wahala, kuma takardar kwamitin ɗa'a ta fito kafin ki sayi ko ɗaya.

Rukuni biyar ne mafi ƙaranci: masu lafiya, masu DSS kawai, masu DSS da ƙwayar da babu magani, masu DSS da budesonaid tsirara, sai masu DSS da haɗinki. Na huɗun shi ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne gaba ɗaya aikin. In ba ki fi maganin tsirara a adadi ɗaya ba, me nano ya ƙara? Kada ki haɗa rukuni biyu a keji ɗaya, ɓeraye suna cin kashin juna, maganin zai zagaya. Ki fara magani bayan alamun sun bayyana, wajen kwana na 4 ko 5, domin mara lafiya ba ya zuwa asibiti kafin ciwo.

Nauyin jiki kuma kada ki dogara da shi, sitiroid da kansa yana ramar da ɓera kuma yana jinkirta warkewar fatar hanji. Ki auna tsawon babban hanji, MPO (enzaim mai nuna yawan kumburi), da yankan nama wanda mai dubawa bai san rukunin ba. Ki auna nauyin taimus (ƙullin garkuwar jiki da ke ƙirji) ma, in ya motse, maganin ya shiga jini ke nan. Idan za ki yi gwajin ƙwayoyin gado na PCR, ragowar DSS a nama yana hana shi tashi, sai kin tsabtace RNA da litiyam kuloraid.

Likitan Hanji

Bari in sa baki daga ɓangaren asibiti. Malama, ko a mutum pH ba abin jingina ba ne. A mai lafiya yana hawa daga kusan 6 a farkon ƙaramin hanji zuwa kusan 7.4 a ƙarshensa, da an shiga babban hanji ya faɗo wajen 6 saboda asid ɗin da ƙwayoyin cutar hanji ke samarwa, sannan ya sake hawa a hankali. Ke nan S100 a ƙarshen ƙaramin hanji yake buɗewa, kuma tagar gajera ce. A 1993 Fallingborg da abokan aikinsa a Denmak sun auna mutum shida masu ciwon yana kan ganiyarsa, uku daga ciki pH ɗin babban hanjinsu ya faɗi tsakanin 2.3 da 3.4. Ƙara da gudawa mai tura komai da sauri. Shi ya sa wani mara lafiya zai ce maka ya ga ƙwayar mesalazin ɗinsa, maganin wannan ciwo mai irin wannan riga, sukutum a bayan gida.

Game da girma, kowa yana kafa hujja da aikin Lamprecht na 2001, inda ya ba manyan ɓeraye masu kumburin hanji ƙwayoyi masu girman maikromita 10, 1 da 0.1, mafi ƙanƙanta ta fi mannewa. Gaskiya ne. Amma a 2013 Schmidt da abokansa a Jamus sun ɗura wa marasa lafiya ƙwayoyin PLGA ta dubura suka leƙa da na'ura: masu maikromita 3 ne suka taru a cikin gyambo, masu nanomita 250 kuwa ɗan alama kawai aka gani a fatar hanjin. Ba na cewa nano ba shi da amfani, ina cewa abin da ɓera ya nuna bai tabbata a mutum ba tukuna. In ni ne ke, zan haɗa kashi ɗaya mai maikromita 2 zuwa 3 daga folima ɗaya in gwada su kafaɗa da kafaɗa. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga darajar aikin.

Ki kuma shirya amsar tambayar da za a yi miki ranar kare aiki: me ya sa budesonaid? Hanta tana lalata kusan kashi 90 cikin ɗari nasa a zagayen farko, dama can illarsa ga jiki kaɗan ce. Akwai ƙwayar budesonaid ta MMX, mai sakin magani a babban hanji, ta miligiram 9 da ake sha sau ɗaya a rana na mako 8, Amurka ta amince da ita a 2013, akwai kuma na kumfa da ake sawa ta dubura. A matsayin maganin koyon aiki ya dace, yana da sauƙin aunawa. Amma inda ake matuƙar buƙatar abin da zai tsare magani a hanji shi ne magungunan danne garkuwar jiki irin takrolimus da saikulosforin masu taɓa ƙoda, ko siRNA, guntun RNA da ake amfani da shi a matsayin magani, da ba ya tsira a tumbi. Ki faɗi haka a fili.

Ga masu karatu da ke fama da gudawa mai jini kuma, kada wani ya ga sunan budesonaid a nan ya nufi kemis. A ƙasashenmu atini na amiba da tarin fuka na hanji da tsargiya sun fi wannan ciwon yawa nesa, kuma suna kama da shi ƙwarai, tarin fukan hanji ma har a na'urar leƙa hanji yana rikita likita da cutar Crohn, wani ciwon kumburin hanjin. Sitiroid a kan amiba yana iya huda hanji. Gwajin bayan gida da yankan nama ne farko. Waɗannan ƙwayoyin nano kuwa aikin ɗakin gwaji ne, ba abin da ake rubuta wa mara lafiya ba.

Mai Neman Sani

Allah ya saka da alheri, Malam, Anti, Dakta. PBS ɗin 7.4 ne kuwa. In na koma ɗure ta dubura, ke nan Eudragit ya fita daga haɗin ɓeraye. To fatar ƙwayar fa? Na yi niyyar shafa mata kaitosan, folimar da ake samu daga ɓawon jatan lande, don ta manne wa majinar hanji. Kuma wane launi zan sa don in ga inda ta tsaya?

Malamin Folima

Kaitosan zai ba ki caji fozitif, ita kuwa majina nagetif ce, za su kama juna tun a saman farko. Wannan saman shi ne hanji ke zubarwa kullum, mai gudawa kuma ya fi kowa saurin zubar da shi. Ƙwayar ta manne, amma a kan abin da ke hanyar fita. Ga kuma DSS, shi ma nagetif ne mai ƙarfi, in ya haɗu da kaitosan a hanji za su dunƙule. Aikin Jubeh da Rubinstein na 2004 ya nuna laifosom (ƙananan ƙwayoyin kitse) masu caji nagetif sun fi kama hanjin da ya kumbura, masu fozitif suka fi kama mai lafiya, domin wurin gyambo yana tara furotin masu caji fozitif irin su taransferin. PLGA mai ƙarshen asid, irin Resomer RG 502 H, dama nagetif ne, ba sai kin ƙara komai ba. Ɗaya hanyar ita ce ta rukunin binciken Hanes a Jami'ar Johns Hopkins: a lulluɓe ƙwayar da folimar PEG gajera, kilodalton 2 zuwa 5, a cike sosai, cajin ya dawo kusa da sifili, ta ratsa majina ta isa fatar hanji. PEG ɗin in ya yi tsawo ko ya yi ƙaranci sai ta koma mai mannewa. Ki sani PVA da ya rage a fata shi ma yana sa ƙwaya ta maƙale a majina, kuma yana ɓoye cajin, don haka in zeta ɗinki, wato awon cajin fatar ƙwayar, ta fito kusa da sifili kada ki ɗauka kin samu mai ratsawa. Da kuɗin ɗaliba, nagetif tsirara da mai PEG sun isa kwatance.

Launi kuma, kada ki zuba kumarin 6 ko Nile red cikin haɗin kawai. Suna fita daga ƙwaya su shige kitsen nama, ki ɗauki hoton launi kina cewa ƙwaya ce. Ki ɗaure launin a jikin PLGA ɗin da haɗin sinadari, ko ki sayi wanda aka riga aka ɗaure, ki gauraya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari da sauran. Ki ajiye rukunin da aka ba launi tsirara, da wanda ba a ba komai ba, domin abincin ɓera mai ganye yana haske da kansa a jan zango. Kafin hoto ki wanke hanjin a hankali da ruwan gishiri adadi ɗaya ga kowane ɓera.

Gwajin sakin magani ma ki sake shi. Jakar dayalisis tana jinkirta budesonaid da kanta, sai ta nuna miki saki a hankali da babu shi, don haka ki fara sa magani tsirara a jakar ki ga tsawon lokacin da yake ɗauka. Ya fi miki ki zuba ƙwayoyin kai tsaye a ruwan gwaji a digiri 37, ki ɗebi samfuri ki juya a santirifuj mai sanyi ki auna ruwan sama. Ruwan ya ninka aƙalla sau uku abin da zai narkar da maganin duka. Tween 80 kaɗan, kamar kashi 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari, zai taimaka, amma in ya yi yawa shi ne zai zaro maganin daga ƙwayar, kuma zai iya zama wani ɓangare na rabin da kike gani a pH 1.2. Jerin ya bi abin da Dakta ya zayyana: awa 2 a 1.2, awa 3 a 6.8, awa 1 a 7.4, sannan ki sauko 6 zuwa 6.5 har awa 24. Ki ƙara layi ɗaya da bai taɓa wuce 6.8 ba, shi ne mara lafiyan da hanjinsa bai kai 7 ba.

Na shan baki kuma, maimakon ki matsa wa ƙwayar nano ta yi aiki biyu, ki busar da ita da tirehalos ki cika kafso, ki shafe kafson da Eudragit. Rigar kafso kaurinta maikromita gommai ne, tana da jikin da za ta tare asid na awa 2, abin da ɓawon nanomita 10 ba zai iya ba. In kin wanke sabon kashi da ruwan pH 4, ki turo girma da PDI (awon bambancin girman ƙwayoyin) da zeta kafin busarwa da bayanta. PDI ya zauna ƙasa da 0.2, girman bayan busarwa kuma kada ya wuce na farko da fiye da kashi ɗaya cikin biyar.